Motocin Bas a Cikin Birnin Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka taso da maganar zuba manyan motocin bas a cikin Kano, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, ko a majalisar ƙofar gida ko a shirin rediyo na kiran waya. Wasu daga fasinjan da kuɗin mota ya gallaba suke fitowa, wasu daga ɗan sahun da ke tsoron a taɓa masa hanyar abinci, wasu kuma daga wanda ya sha ganin an ƙaddamar da motoci da kiɗa da kakaki, shekara ta zagayo ya neme su a titi ya rasa. Ga su nan an tattaro su, kowace da amsarta.

Adaidaita sahu ya cika gari, duk inda ka tsaya za ka samu. Me kuma za a yi da bas?

Gaskiya ne, sahu ya yi wa Kano rana, kuma babu mai hankalin da zai ce a wayi gari babu shi. Matsalar ta lissafi ce. Babur ɗaya mutum uku yake ɗauka a baya bisa ƙa'ida, ban da wanda ake maƙalawa kusa da direba. Babbar bas ɗaya, da na zaune da na tsaye, tana kwashe mutum 60 ba tare da an matsu ba. Ke nan sai an jera sahu 20 kafin a ɗauke abin da bas guda za ta ɗauka, injuna 20 suna shan mai, direbobi 20 kowa na neman ya riga ɗan'uwansa kaiwa ga fasinjan da ya ɗaga hannu. Wanda ya taɓa bi ta Bata ko 'Yankura bayan la'asar ya san ƙarshen wannan lissafi.

Garin kuma ba ya tsaye. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, mutanensu sun kusa miliyan uku. Yau ana kiyasin sun haura miliyan huɗu. Inda ake noma gero jiya a bayan Rijiyar Zaki, ko Mariri, ko Bachirawa, yau unguwanni ne masu masallatan Juma'a. Kasuwannin da mutanen nan ke nufa kowace safiya kuwa suna nan inda suke: Kwari, Singa, Sabon Gari, Wambai, Kurmi. Tafiya ta ƙara tsawo, titin shiga tsakiyar gari bai ƙara faɗi daidai da ita ba. Doguwar tafiya irin wannan aikin babbar mota ce.

Ai an taɓa kawo bas-bas. Ina suka shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, don haka bari a ɗan ja ta.

Waɗanda suka manyanta sun san zamanin da ƙananan motocin hayis ke jigila a cikin gari, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Bata. Acaɓa ya zo ya janye musu fasinja, saboda shi har ƙofar gida yake kai mutum. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babur mai ƙafa uku musamman don mata su daina hawa bayan acaɓa, kuma daga shirin gyaran tarbiyya na wannan gwamnati, mai suna Adaidaita Sahu, babur ɗin ya gaji sunansa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni. Dubban matasa suka ajiye mai ƙafa biyu suka kama mai ƙafa uku. Tun daga nan sahu ya zama shi ne sufurin Kano, ba don wani ya zauna ya tsara haka ba, sai don shi ne ya cike gurbin da aka bari.

A ƙarshen 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta fito da motocin bas 100 da tasi 50 a shirin da aka kira Kanawa. A daidai lokacin aka sanar da hana sahu bin wasu manyan tituna, aka yi ca, kafin a je ko'ina aka janye dokar. Motocin sun fito titi. Amma a tambayi mai tsayuwa a Kabuga da safe ko ya san ƙarfe nawa bas za ta iso, a ji amsarsa.

Abin da ake ta maimaitawa shi ne, ana sayen mota a ɗauka an yi sufuri. Sayen motar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, shi ne kuma ake iya ɗauka a hoto. Sauran aikin ba ya ɗaukuwa a hoto: garejin da za a duba kowace mota kowane dare, ɗakin ajiyar kayan gyara, albashin direba a kan lokaci, jadawalin da ba ya tashi, kuɗin da aka ware don maye gurbin motar da ta tsufa. Idan babu waɗannan, mota ɗaya ta lalace sai a kwance tata fitila a ɗaura wa wata, a cire tata taya a ba wata, kafin shekara biyu rabin motocin suna kan dutse. Ba Kano kaɗai ba, birane da yawa a ƙasar nan sun ga haka.

To wane titi ya kamata a fara da shi?

Kano ta yi sa'a ta wannan fuskar, don manyan titunanta duk tsakiya suke nufa. Titin Zariya ya kwaso Na'ibawa, Unguwa Uku, Asibitin Malam Aminu Kano da Gyaɗi-Gyaɗi. Titin Katsina ya kwaso Dawanau, Rijiyar Lemo, Kurna da Ƙofar Ruwa. Titin Gwarzo ya kwaso Janguza, sabuwar jami'ar Bayero, Rijiyar Zaki da Kabuga. Titin Haɗeja ya kwaso Jogana da 'Yankaba, titin Maiduguri kuma Mariri da Hotoro. Ga kuma ɓangaren Panshekara, Sharaɗa da Challawa inda ma'aikatan masana'antu suke.

A ganina, gara a kama titi ɗaya ko biyu a cika su da mota har fasinja ya daina duba agogo, da a raba motoci goma-goma a tituna goma don kowace mazaɓa ta ce an tuna da ita. Bas da ke zuwa duk minti biyar, mutum fitowa kawai yake yi ya tsaya. Wadda ke zuwa sau ɗaya a awa kuwa, ranar farko zai jira, rana ta biyu zai tsayar da sahu, rana ta uku ya manta da ita. Titin Gwarzo da na Zariya su ne na fi zaɓa, saboda ɗalibai da masu zuwa asibiti suna sa a samu fasinja wuni guda, ba safe da yamma kawai ba.

Ana cewa a ware wa bas hanyarta ita kaɗai. Wannan ba son kai ba ne, titin ma bai ishe mu ba?

Idan bas ta shiga cunkoso ɗaya da kowa, ta fi kowa shan wahala, don ita ba ta iya kurɗawa kamar sahu. Fasinja zai zauna yana kallon babura na wuce shi ta dama da hagu, gobe ba zai sake hawa ba. Shi ya sa biranen da abin ya yi musu aiki suka ware mata layi da shinge. Birnin Kuritiba na ƙasar Birazil ne ya fara a 1974. Bogota ta Kolombiya ta bi a 2000. A gida Najeriya, Legas ta buɗe nata a Maris ɗin 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya aka kai shi Ikorodu. Darussalam ta Tanzaniya ta fara a 2016, Dakar ta Senegal kuma a 2024 da motocin lantarki.

Akwai wata riba da mutane ba su cika lura da ita ba. A ce zuwa da dawowa a wani titi yana cin awa biyu saboda cunkoso, kuma ana so bas ta riƙa zuwa duk minti biyar. Sai an zuba mota 24. Idan aka ware layi tafiyar ta koma minti 80, mota 16 ta isa yin aikin nan dai. Mota takwas aka samu a ɓagas, da direbobinsu da mansu, ana iya kai su wani titin. Shingen kankare ya fi sabuwar mota araha nesa ba kusa ba.

Batun titi bai isa ba kuwa, a tsaya a duba abin da ya cinye shi. A wurare da yawa layin gefe ba tafiya ake yi a kansa ba: motocin da aka faka tun safe, masu baro, teburan 'yan tireda, tirela na sauke kaya tsakar rana, 'yan sahu sun yi layi biyu suna lodi. Wannan layin da ya riga ya mutu shi ake nema a raya. Sai dai fenti kaɗai ba ya tsare layi a garin da ake yin wanwe a gaban ɗan KAROTA, wato jami'in hukumar kula da dokar titi ta jihar. Dole a sa shinge, dole kuma dokar ta hau kan mai jiniya kamar yadda ta hau kan mai baro.

Gadojin sama da na ƙasa da aka gina fa, ba su wadatar ba?

Sun taimaka a inda aka yi su. Wanda ya san Ƙofar Nassarawa, ko Dangi, ko shataletalen Hotoro, ko Kabuga kafin aikin, ba zai yi musu ba. Amma gada mota take wucewa da ita, ba ta rage yawan motar. Cunkoson yakan sauka daga gada ya je ya taru a mahaɗa ta gaba. Kuma mafi yawan Kanawa ba su da motar kansu. Gada ba ta rage wa mai fita daga Kurna zuwa Kwari ko kwabo a kuɗin mota. Abu ɗaya da ya kamata masu zanen sababbin gadoji su riƙa tunawa: a bar wurin da bas za ta tsaya a ƙasa, da inda mai ƙafa zai tsallaka lafiya.

Mu 'yan sahu fa? So ake a raba mu da sana'armu?

Duk shirin da ya fara da korar 'yan sahu ya faɗi tun kafin ya tashi. An ga ƙarfinsu a yajin aikin Fabrairun 2021 da na Janairun 2022, lokacin da suka ajiye babura kan batun haraji da kuɗin rajista: ɗalibai da ma'aikata suka taka sayyada, wasu suka hau bayan akori-kura. Bayan kowane babur akwai direba, sau da yawa biyu masu karɓa-karɓa, akwai mai babur da ke jiran balas kowace yamma, akwai bakanike, mai faci, mai wanki, mai sayar da kayan gyara. Gidaje nawa ke nan?

Abin da ya dace shi ne rabon aiki. Doguwar tafiya a babban titi ta bas ce. Daga tashar bas zuwa cikin unguwa, Ɗorayi ciki, Sheka ciki, Gama, Tudun Murtala, lungunan da babbar mota ba za ta taɓa shiga ba, wannan na sahu ne, kuma babu mai ƙwace masa. Gajeriyar jigila mai yawa, a cike zuwa a cike dawowa, tana iya fi wa direba riba a kan ya ƙona mai awa guda a cunkoson Murtala Muhammad Way da fasinja uku. Sai dai wannan ba zai tabbata ba sai an keɓe musu wurin tsayawa na doka a jikin kowace babbar tasha, ba a bar su suna wasan ɓuya da jami'ai ba.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi wuya amma ta fi ɗorewa: a sa su cikin mallakar motocin. Lokacin da Legas ta fara nata, ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa ƙungiyar gama-kai ta riƙe motocin farko. A Johannasbag, inda aka fara a 2009, masu ƙananan motocin haya sun miƙa motocinsu aka ba su hannun jari a kamfanin da ke gudanar da bas ɗin. An sha rigima kafin a kai nan, har da zubar da jini, amma an kai. A Kano ma ana iya fara ɗaukar direbobi, masu duba tikiti da masu kula da tasha daga cikin 'yan sahun titin da aka taɓa, a horar da su, a ba su lasisin babbar mota. Ban ce kowa zai samu gurbi ba. Wanda ya yi wannan alkawari yaudara yake yi. Amma a zauna da shugabanninsu tun ana zanen hanya, kada su ji labari a rediyo daren da doka za ta fara aiki.

Nawa za a riƙa biya? Zai fi sahu sauƙi?

Dole ya fi sauƙi, in ba haka ba babu dalilin da zai sa mutum ya taka zuwa tasha. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta taɓa haura 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Akwai magidantan da suka koma tafiyar ƙafa rabin hanya, akwai yaran da aka sauya wa makaranta saboda kuɗin sahu ya fi kuɗin makarantar.

Sai dai a faɗi gaskiya: a mafi yawan biranen duniya kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe bas. Gwamnati na cika sauran, kamar yadda take zuba kwalta ba ta jiran titin ya biya ta. Abin gudu shi ne a sa farashin da bai kai kuɗin mai ba don a burge jama'a, a kuma ƙi sa cikon a kasafin kuɗi. Nan ne ake fara cin kuɗin gyara, daga nan sai kan dutse. A rubuta tallafin a kasafi ƙarara, a san nawa ne, a san daga ina yake fitowa. Kuɗin fakin a kewayen manyan kasuwanni, tallace-tallace a jikin motoci da hayar shaguna a tashoshi duk suna iya rage nauyin.

Me zai hana a yi shi kyauta?

Ga 'yan makaranta, musamman mata, ana iya yi, kuma Kano ta san motocin ɗaukar ɗalibai mata tun zamanin Kwankwaso. Ga kowa da kowa kuwa, gara a zuba kuɗin wajen ƙara yawan motoci. Bas ta kyauta da ba ta zuwa ba ta kai kowa kasuwa.

Da kati za a biya ko da tsabar kuɗi?

Kati ya fi, saboda dalilai uku. Yana kashe rigimar canji, yana rage tsayuwa a tasha, yana kuma toshe ramin da kuɗi ke zurarewa tsakanin hannun kwandasta da asusun kamfani. Legas na amfani da katin Cowry. Kanawa kuwa, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai shayi da mai kayan miya sun iya karɓar tiransifa, ga masu POS a kowace kwana da za su iya sa wa mutum kuɗi a kati. Amma kada a rufe ƙofa ga tsohuwar da ta zo daga Gezawa ganin jikanta a Asibitin Murtala da kuɗinta ƙulle a bakin zane. A sa mai sayar da tikitin takarda a kowace babbar tasha. Abin da ba a so shi ne direba ya riƙa karɓar kuɗi da hannunsa.

Yaya za a yi da cakuɗuwar maza da mata?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Kano, kuma an ga cewa asalin shigowar sahu ma saboda ita ne. Babbar bas ta fi sauƙin tsarawa a kan ƙaramin babur inda kafaɗa ke gogar kafaɗa. Tana da ƙofa biyu: a ba mata ɓangare ɗaya da ƙofarsu, maza ɗaya ɓangaren, a kuma sa mai kula a lokacin cunkoso. Idan maigida ya natsu cewa iyalinsa za su hau su sauka cikin mutunci, an samu rabin fasinjan gari. Kujerun kusa da ƙofa kuma na tsofaffi ne, da masu juna biyu, da masu goyo.

Masu lalurar ƙafa su ne aka fi mantawa. Mota mai matakala uku masu tsayi ta riga ta ce musu kada su zo. Tun wajen saye za a nemi mai ƙasa-ƙasan daɓe, ko a ɗaga dandamalin tasha ya yi daidai da bakin ƙofa, yadda mai keke zai gangara ciki ba sai an ɗauke shi ba. Gyara wannan bayan an gama gini ya fi tsada sau da yawa.

Ni ɗan kasuwa ne, kullum da kaya nake tafe. Za a bar ni in shiga?

Kano garin fatauci ce, tsarin da ya hana ɗaukar kaya bai san inda yake ba. Ƙullin atamfa daga Kwari, katan biyu daga Singa, buhun da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, ya kamata a ware musu wuri kusa da ƙofar baya. Buhun masara goma daga Dawanau kuwa aikin 'yar ƙurƙura ne. Jarkar fetur da tukunyar gas, a'a. Akuya ma haka, ko da jajibirin Babbar Sallah ne.

Cikin badala fa, bas za ta shiga?

Babbar ba za ta shiga lungunan Kurmi ko Jakara ba, kuma babu wanda ya isa ya ce a rushe gidajen kakanni don ta wuce. Ta bi manyan titunan da suka ratsa ko suka kewaye ganuwa, ta sauke mutane a ƙofofi irin su Ƙofar Mata, Ƙofar Nassarawa, Ɗan'agundi da Kabuga. Daga nan ƙananan motoci da sahu su karɓa.

Dizal, gas ko lantarki?

Gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya mota ta yi aiki da ita, ya fi dizal araha kuma hayaƙinsa bai kai ba, gwamnatin tarayya ma tun 2023 take tura mutane gare shi. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne zai sa gas ya wadata a nan ba sai an yi dakonsa a tanka ba. Motar lantarki ba ta hayaƙi ko kaɗan, kuma rana ba ta yi mana rowa ba, amma tana buƙatar garejin caji mai wutar da ba ta ɗaukewa, batir kuma ba ya son zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Ni dai tambayar da zan fara yi wa mai kawo kowace irin mota ita ce: idan ta tsaya ranar Talata, wa zai tayar da ita kafin Alhamis? Idan kayan gyaranta sai an yi odarsu daga ƙetare an jira wata uku, ba a samunsu a Ƙofar Ruwa, babu kuma bakaniken da aka koya wa aikinta, to komai kyanta ba tamu ba ce. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe matatar iskar motar da aka ƙera don wata ƙasa. A sa horar da makanikai da ajiyar kayan gyara na shekaru a cikin kwangilar saye, a kuma tsaya a kan samfuri ɗaya ko biyu, kada gareji ya zama baje-kolin kamfanoni.

Jirgin ƙasa na cikin gari bai fi duk wannan ba?

Yana ɗaukar mutane fiye da bas, babu musu. A 2016 gwamnatin jiha ta sa hannu a yarjejeniyar dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin don shimfiɗa shi, aka yi ta muhawara kan bashin, shekaru suka shuɗe fasinja bai hau ba. Layin bas ana iya gama shi cikin shekara biyu ko uku da ɗan kaso na wannan kuɗi. Kuma ko ranar da jirgin ya zo, a titi ɗaya ko biyu zai bi, sai an samu motocin da za su kawo masa mutane daga sauran gari. Ɗayan ba ya hana ɗayan, amma bas ce ta farko a layi.

Wa zai riƙe ragamar abin? Kada gwamnati ta sauya a watsar.

Tsoron yana kan hanya, don an saba ganin sabuwar gwamnati ta juya wa aikin wadda ta gada baya, musamman idan an shafa masa launin jam'iyya ko hoton wani. Maganin farko ke nan: kada a manna fuskar kowa a jikin mota.

Na biyu, a kafa hukuma da dokar majalisar jiha, irin LAMATA ta Legas, wadda aikinta tsara hanyoyi ne, sa farashi, da sa ido. KAROTA, da aka kafa a 2012, aikinta kula da dokar titi ne, kuma za a buƙace ta sosai wajen tsare layin bas, amma tsara sufuri wani fanni ne daban. Ita hukumar ba sai ta tuƙa mota da kanta ba. Ta ba kamfanoni ko ƙungiyoyin direbobi kwangila, ta riƙa biyansu gwargwadon kilomitan da suka yi a kan jadawali, ba gwargwadon kawunan da suka ɗauka ba. Wannan bambanci shi ne ke sauya halin direba. Wanda abincinsa ke kan yawan fasinja dole ya tsaya sai mota ta cika, dole ya yi tsere, dole ya taka birki a tsakiyar titi don an ɗaga masa hannu. Wanda albashinsa ke tafe ko da kujera biyar ce a cike, ba shi da dalilin yin ko ɗaya.

Wane lokaci za ta riƙa aiki?

Daga bayan sallar asuba, don ma'aikatan Sharaɗa, Bompai da Challawa da masu kayan gwari na 'Yankaba da wuri suke fita, har zuwa bayan an tashi daga kasuwa da dare. Jadawalin kuma ya san garin da yake ciki. Ranar Juma'a tituna da dama na rufewa lokacin sallah, a tanadi hanyar kewaye tun kafin ranar. Da azumi cunkoson yamma yana matsowa gab da magariba, kowa na son ya sha ruwa a gida, daga baya gari ya sake cika bayan tarawihi, balle goman ƙarshe da ake cinikin kayan sallah har tsakar dare. Kwanakin hawan Sallah kuwa, titunan kewayen gidan Sarki na dawakai ne. A watan Agusta a san wuraren da ruwa ke kwanciya, a kuma yi wa tashoshi rumfa ta gaske, wadda za ta tare ruwan sama ta kuma tare ranar bazara, da benci da fitila mai aiki da hasken rana.

Ta yaya mu talakawa za mu gane ko abin na tafiya daidai?

Ba daga yawan motocin da aka jera ranar ƙaddamarwa ba. A nemi hukumar ta riƙa bayyana abu huɗu duk wata, a rediyo da kuma allon kowace tasha: mota nawa ce ta fita aiki kowace safiya cikin waɗanda aka saya, minti nawa fasinja ke jira a tsakaice, mutum nawa aka ɗauka, nawa aka tara nawa kuma aka kashe. Kowace mota ta kasance da lamba babba a jiki da lambar wayar kai ƙorafi, a kuma samu mai ɗaga wayar. Ƙungiyoyin unguwanni, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai suna iya sa wakilansu su tsaya a tasha ɗaya da agogo, safiya guda a wata, su rubuta lokacin da kowace bas ta iso, su kai wa ɗan majalisarsu takardar idan ta saɓa da abin da hukuma ta faɗa.